Ƙwayayen Gwaggo

Gwaggo tunkiya ce, kada wani ya yi zaton ƙanwar babana nake nufi. Mu 'ya'yan gidan muka laƙaba mata sunan, saboda yadda take tsayawa a ƙofar garke tana hararar duk mai wucewa kamar an ari zaninta ba a mayar ba. Fara ce tas, doguwa, da baƙaƙen kunnuwa masu lilo har wuya. Tsatson wata tunkiya ce da mahaifiyarmu ta kiwata da hannunta tun tana amarya, kuma bayan Mama ta rasu Baba ya riƙe wannan zuriya da hannu bibbiyu. Sai annoba ta shigo unguwarmu ta share garken. Gwaggo kaɗai ta tsira, ita ma tun daga nan ba ta ƙara ɗaukar ciki ba. An kai ta wurin raguna har masu ragunan suka fara ɓuya in sun hango Baba.

Baba tela ne, ya ajiye keke da idonsa ya yi rauni. Aikinsa ya koma jiƙa wa Gwaggo dusa da ruwan ɗumi, don haƙoranta sun zube, ya zauna kan turmi yana ba ta da tafin hannu yana yi mata hira. Labarin tsadar kaya, labarin maƙwabcin da ya toshe kwata, har ƙarata yakan kai mata idan na kwana biyu ban leƙo gida ba.

Ni ce auta, kuma ni ce na yi nisa a boko. Ina karatun digiri na uku a ɗakin gwaji na wani Farfesa, aikinmu renon ƙwan tumaki. Ba irin ƙwan kaza ba, wannan ido ba ya ganinsa sai da madubi mai ƙara girma. Da safe mukan je mayanka da fulas cike da ruwan gishiri mai ɗumi, mu bi mahauta muna roƙon gidan ƙwan tumakin da aka yanka, wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake ba, su kuwa suna yi mana dariya. Mu dawo mu zuƙe ƙwayayen da allura, mu zuba su a ɗigon ruwan reno cikin ɗan faranti, mu rufe a akwatin ɗumi su kwana. Idan sun ƙosa, a haɗa su da maniyyin rago, ɗan tayi ya tashi, a dasa shi a cikin wata tunkiya ta haife shi. Haka abin yake a takarda.

A zahiri kuwa mun shekara muna zubar da faranti. Farfesa ya ƙirƙiro wani haɗin ruwan reno nasa na kansa, ya yi ta shelarsa a taruka tun kafin ya yi aiki, ƙwayaye kuma suka ƙi ba shi haɗin kai. Mu dai mun san dalili. Kafin mahauta su gama ja mana rai, mu kuma mu fita daga cunkoson motoci, ruwan fulas ya huce, ƙwan ya riga ya sha wuya. Amma wa zai ce da Farfesa a gyara motar ɗakin gwaji? Shi a wurinsa hannunmu ne ba shi da albarka.

Mutum ne mai fara'a, wannan ba a ƙwace masa ba. Ba ya tsawa, ba ya zagi. Zai gaya maka maganar da za ta hana ka cin abinci kwana uku yana murmushi yana gyara maka wuyan riga.

Wata ranar hutu na je gida na tarar Gwaggo ta kasa tashi sai da Baba ya tallafe ta. Ƙashin bayanta ya fito, numfashi sama-sama. Na tsuguna na duba bakinta, na ce, "Baba, tunkiyar nan ba za ta kai damina ba."

"Ke ce mai rayawa?"

"Ba haka nake nufi ba. In ta mutu, zuriyar Mama ta ƙare ke nan. Amma akwai ƙwai a cikinta har yanzu. In ka ba ni su, zan rena su, mu samu 'ya'yanta. Masu baƙin kunne, irinta sak."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To ki ɗiba mana. Wa ya hana ki?"

Na yi masa bayani cewa ba mu da kayan ɗiba daga mai rai, ko da muna da su ma jikinta ba zai ɗauki allurar barci ba. In kuma aka bari ta mutu don kanta, ba wanda ya san sa'ar, kafin a farga ta yi sanyi, ƙwan ya lalace. Sai dai a yanka ta, ina tsaye da fulas.

Baba ya ci gaba da murza dusa a ruwa, Gwaggo tana lasar yatsunsa. Can ya ce, "Auta, a bar kaza cikin gashinta."

Ban bari ba. Na yi ta zarya, yau da hoton 'yan ragunan da aka samu ta wannan hanya a wasu wurare, gobe da yayata a waya tana taya ni. Na gaya masa cewa ƙwan da aka ɗauka da ɗuminsa ba ya ba da kunya. Wannan gaskiya ne, kuma har gobe gaskiya ne. Ranar da ya amince bai dube ni ba, Gwaggo yake kallo. Ya ce, "In dai za ki dawo min da ko ɗaya, mace. Ki ce kin yi alkawari."

Na yi alkawari.

Washegari na shiga ofishin Farfesa na zayyana masa komai: mahaifiyata, annoba, tsoho da dusarsa. Ya saurara yana gyaɗa kai, har da cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Allah sarki. Ai wannan shi ne amfanin ilimi. Ki kawo su, ɗakin gwajin nan naki ne. Sharaɗi ɗaya, a haɗina za ki rena su, kin san ba ma ajiye wani ruwan a nan."

Na yi godiya har da durƙusawa. Wayyo ni.

Baba bai yarda a kira mahauci ba. Ya ce hannun da ya ciyar da ita shi zai sallame ta. Da sassafe ya wasa wuƙa, ya ba ta ruwa, ya shafa kanta ya daɗe yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ina gefe da fulas da almakashi, ina duba ma'aunin zafi, ina jin kunyar kaina. Gwaggo ba ta yi gardama ba, da ya kwantar da ita ma kanta ta ɗora a gwiwarsa, ta saba. Wuƙar ta goce, sai da ya maimaita. Wannan maimaicin ne ba zan manta ba, da sautin da ya fito daga ƙirjin Baba.

Ko gama shure-shure ba ta yi sosai ba na ce, "Baba, ka matsa, lokaci." Da bakina na faɗa. Na buɗe cikin, na yanko 'yan tsokar nan biyu na jefa a fulas, na bar shi tsugune da jini har gwiwar hannu. Daga baya yayata ta gaya min ya rabar da naman duka, har kai da ƙafa, ya ce kada a dafa ko tsoka a gidansa.

Ƙwayayen ba su da yawa, tsohuwa ce, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Amma da na sa ido a madubi sai da na yi kabbara. Kowanne mulmul, ya lulluɓa da rigarsa mai kauri, ba irin tsiraran da muke samowa a mayanka ba. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya, na sa su a ɗigon ruwan nan mai launin hoda, na rubuta "Gwaggo" a murfin faranti da manyan baƙaƙe, na rufe akwatin ɗumi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa. Rigar kowane ƙwai ta buɗe ta yi fam kamar audugar da aka shiɓe, alamar sun ƙosa ke nan. Tunda na zo ɗakin nan ban taɓa ganin faranti ya yi haka gaba ɗayansa ba. Na kira Baba na ce, "Sun yi! Ka kawo budurwar tunkiyar da na ce ka nema, yau za a fara shirya ta." Ya yi ta hamdala.

Farfesa ya shigo ya leƙa madubin. Ya daɗe. Ya ɗago, ya koma, ya sake ɗagowa, fuskarsa tana ƙyalli. Ya ce, "Kin gani ko? Kun ce haɗina ba ya aiki."

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce haka."

"Ba da baki ba." Ya yi dariya ya dafa kafaɗar kujerata. "Maza ki je gonar makaranta ki karɓo maniyyin. Ki ce a ba ki na babban ragon nan, ni na ce. Kada ki aiki kowa, ki tsaya a ɗiba a gabanki."

Har daɗi na ji, wai Farfesa ya ba ni babban ragonsa. Gonar tana can bayan gari. Na je, na jira mai kula da raguna ya gama karin kumallo, na jira ragon ya ga dama, na dawo da kwalbar a cikin rigata don kada ta huce.

Tun daga baranda na jiyo warin. Wani wari ne mai tsami da ke hawa kai, duk wanda ya yi aiki a irin ɗakinmu ya san shi, kuma ya san ranar da ake buɗe kwalbar ruwan tsamin da ke yin sa. A sana'armu, rigar da ta buɗe alama ce kawai, masu mujallu ba sa karɓarta a matsayin hujja. Hujja ita ce a tuɓe wa ƙwan rigarsa, a danne shi tsakanin gilasai biyu, a jiƙa shi a ruwan tsamin nan ya sandare, a zuba masa jan rini, sannan a ɗauki hoton abin da ke cikinsa. Hoton yakan fito da kyau ƙwarai. Ƙwan kuma ya mutu.

Abokin karatuna ne ke wannan aikin, muna ce masa Marini don kullum yatsunsa ja. Na same shi zaune, ya jera gilasai a gabansa. Farantina yana cikin kwandon shara, murfin a sama, sunan yana kallona.

Na ce, "Nawa ka ɗiba?"

Bai ɗago ba. "Farfesa ne ya ce."

"Na ce nawa ka ɗiba?"

"Duka."

"Duka? Ko ɗaya ba ka bari ba?"

"Na ce masa a bar miki biyu, wallahi na faɗa. Ya ce da ma ba su da yawa, in aka rage lissafin ba zai yi kyau ba." Ya goge hanci da bayan hannu. "Ke ma kin san shekarata nawa a nan. Shi zai sa min hannu."

Ban san lokacin da na ajiye kwalbar maniyyin ba. Na dai san na tura ƙofar ofishin Farfesa ba sallama, abin da ban taɓa yi ba. Yana gaban kwamfuta, hoton ya cika allon: jajayen ƙwallaye, kowanne da ɗan tabo a gefe.

"Yawwa, zo ki gani," in ji shi. "Ɗari bisa ɗari. Kin taɓa ganin irin wannan ko a littafi?"

"Ranka ya daɗe, na babana ne. Na gaya maka. Ka ce in kawo."

"Kin kawo kuma, an gode."

"Ya yanka ta da hannunsa saboda su!"

"To ni na ba shi wuƙar?" Ya faɗa a hankali, yana murmushi. "Zauna, ki daina ɗaga murya, ba kasuwa ba ce. Bari in tambaye ki. Ƙwai nawa ne cikin goma ke zama ɗan tayi? Cikin waɗannan nawa ne ke kama ciki? Ke kin fi kowa sani. Da wuya ki samu ko ɗaya daga tsohuwar tunkiya. Da kin ɓata min sakamako irin wannan a kan wataƙila. Yanzu kuwa sun yi amfani, za su taimaki dubban tumaki. Sunanki ma zai fito a takardar, na uku ko na huɗu."

"Wataƙilar tawa ce. Ba taka ba ce."

"Akwatin na wa? Ruwan na wa?" Ya juya ga allonsa. "Matsalarku ke nan, kuna shigo da zuciya ɗakin gwaji. Ki je ki wanke fuska."

Na tsane shi a lokacin, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Na dubi abin danne takarda da ke kan teburinsa, na auna nauyinsa da ido. Sai mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana ƙofa da tunkiya, wai 'yarsa yake nema.

Na yi niyyar in riga kowa fita in tare shi a waje. Farfesa ya miƙe ya ce, "A'a, a shigo da shi mana. Ai babban baƙo ne."

Baba ya sa fararen kayansa na zuwa suna, har da turare. Ya ɗaure budurwar tunkiyar a ƙarfen baranda, wata ja mai ƙiba, ya wanke ta har tana sheƙi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar ofis ko da yake ba wanda ya ce ya tuɓe. Farfesa ya tarye shi da hannu biyu, ya zaunar da shi a kujera mai laushi, ya juyo masa da allon.

"Baba, ga 'ya'yan tunkiyarka. Ka ga wannan? Da wannan? Duk sun ƙosa, ba wanda ya ba mu kunya. Irin tumakinka ba na wasa ba ne."

Baba ya matso da fuska har tabaransa ya kusa taɓa allon. Ya kai yatsa zai shafa, ya janye, ya goge yatsan a riga. "Ikon Allah," ya ce. "Ikon Allah. Auta, su ne waɗannan? Wacce ce macen a ciki?" Ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin annoba. "Yallaɓai, Allah ya saka da alheri. Allah ya jiƙan mahaifa. To yaushe za a sa wa waccan?"

"Wannan kuma sai 'yarka, ita ce gwana," in ji Farfesa, ya ɗauki wayarsa ya shiga latsawa.

Baba ya juyo gare ni yana jira. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa a gaban kujerarsa na gaya masa, ban san da wace murya ba. Na ce ba za a sa wa kowa ba. Na ce don a ɗauki hoton nan sai da aka kashe su. Na ce ba na nan aka yi, kuma ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta da nauyin komai.

Bai gane ba da farko. Ya ce, "Ai ga su nan."

"Hoto ne, Baba."

"Su kuma suna ina?"

Marini ne ya kawo gilashin, ya miƙa ya fice da sauri. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga wajen taga. Ba abin da ake gani sai ɗan jirwayen ja kamar an murƙushe sauro. Ya juya shi, ya sake juyawa. Dariyar ba ta gama barin fuskarsa ba, ta dai tsaya a wurin ta bushe.

"A kula da shi, Baba, kada ya fashe," in ji Farfesa, ya miƙo hannu ya karɓe gilashin ya sa a akwati. Sannan ya gyara zama, ya haɗa yatsu, ya yi murmushin nan nasa. "Da ma akwai abin da nake so in tambaye ka, Allah ya kawo ka. Ka san masu mujallar nan da tsirfa, ba sa karɓar gwaji ɗaya, sai an maimaita aƙalla sau uku. Kana da wasu irin wannan tunkiyar? Ko biyu ma sun isa. Mu za mu aiko mota, ba sai ka wahala ba."

Baba ya dube shi. Ya amsa da ladabi, yadda yake amsa wa duk wani mai muƙami.

"Babu, yallaɓai. Ita kaɗai ce."

"Ko a dangi? Ko wanda ka taɓa sayar wa?"

"Ita kaɗai ta rage."

Farfesa ya yi tsaki, ya jingina da kujera, ya dubi allon da takaici na gaske. "Ash. To ai shi ke nan, ba za su buga ba. An yi wahalar banza." Ya kashe hoton, ya dube ni. "Gobe ki fita mayanka da wuri, mu gwada sa'a."

Baba ya dafa gwiwa ya miƙe. Na kai hannu zan taimake shi, ya kauce. A ƙofa ya daɗe yana laluben takalminsa da ƙafa, don idonsa ya cika, ni kuma na kasa sunkuyawa in juya masa su. Ya kwance jar tunkiyar, ya naɗe igiyar a hannu. Na bi shi har bakin titi ina cewa Baba, Baba.

Sai da ya tsayar da mota mai ɗaukar kaya sannan ya yi magana, kuma ba ni yake kallo ba.

"Da safen nan na jiƙa dusa," ya ce. "Sai da na kai ƙofar garke na tuna."